Wa Ke Biyan Kuɗin Kwanan Zariya?

Wanda ya hau Dutsen Kufena ya fuskanci gabas zai ga Zariya a shimfiɗe: Wusasa a gindin dutsen, birni da ragowar ganuwarsa, Tudun Wada, sai Sabon Gari can a ƙetaren Kubanni. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Zariya mutum sama da 400,000, ta ba Sabon Gari kusan 290,000, yau kuwa an wuce nan nesa ba kusa ba. A cikin wannan taro akwai dubban mutanen da ba su mallaki ko ɗaki ɗaya ba, ba su kuma da halin kama haya: almajirai, 'yan ci-rani, zawarawa, marayu, tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, da iyalan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari.

Abin ɗaure kai shi ne, idan dare ya raba, mafi yawan waɗannan bayin Allah sun sami inda za su sa haƙarƙarinsu. A Amurka, duk da arzikinta, ƙirgar da hukuma ta yi a dare guda cikin Janairun 2024 ta sami sama da mutum 770,000 marasa matsuguni. Biranen can suna da ofisoshi da kasafin kuɗi musamman domin wannan matsala. San Faransisko ma ta ɗora haraji na daban a 2018 kan kamfanonin da cinikinsu ya haura dala miliyan 50 a shekara, domin kawai a kula da masu kwanan titi. Zariya ba ta da irin wannan haraji, amma tana kwantar da baƙinta. Makwanci kuwa ba ya faɗowa daga sama. Wani ne ya gina ɗakin, wani ke yi masa yaɓe kafin damina, wani ke dafa tuwon da mai kwanan zai ci. To wane ne? Hanyar ganowa ɗaya ce, a bi sawun kuɗin.

Sawu na farko: sakatariya

A kan takarda, amsar ba ta da wuya. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ɗora musu kafawa da kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu da marasa galihu. Sashe na 16 kuma ya sa samar wa 'yan ƙasa muhallin da ya dace cikin manufofin gwamnati, sai dai sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da irin waɗannan manufofi. Ke nan nauyin yana wuyan ƙaramar hukuma, amma talaka ba shi da inda zai kai ƙara idan ba a sauke shi ba.

Kuɗin fa? Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake kasawa daga asusun tarayya. Shekara da shekaru rabon Zariya da na Sabon Gari ba ya zuwa hannunsu kai tsaye, sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi wanda sashe na 162 ya tanada. Daga nan ake cire albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya a matakin farko, da fansho. Kuɗin shiga na cikin gida, irin na kasuwa da tasha, shi ma dokar haraji ta jihar Kaduna ta 2016 ta mayar da karɓarsa hannun hukumar tara haraji ta jiha. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, wanda babban ci gaba ne, amma hukuncin bai aza ko tubali ɗaya ba tukuna a gidan gajiyayyu.

Gwajin da ya fi kowanne sauƙi shi ne tambaya. Ka zaga mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar Zariya, daga Kufena zuwa Kwarbai, daga Limancin Kona zuwa Dambo, ka tambayi masu unguwa inda ake kai wanda dare ya riska ba shi da masauki. Ba sakatariya za su nuna maka ba. Sawun farko ya ɓace a nan.

Sawu na biyu: Kaduna da Abuja

A ranar 7 ga Yuli 2015 bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari, ana tsakiyar tantance ma'aikata, ya hallaka mutum fiye da ashirin. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta hana bara da talla a kan tituna saboda tsaro. Mabarata suka yi zanga-zanga a Kaduna, suna tambayar abin da za su ci. A 2016 hanin ya zama doka. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu na asali, Kaduna ta kwashe dubbai a motoci, ta kuma karɓi nata daga wasu jihohin. An kashe kuɗi a nan, babu shakka. Sai dai kuɗin mota ne da jami'an kame. Ya ɗauke mutum daga wuri zuwa wuri, bai ba shi ɗaki ba. Ma'aikatar kula da walwalar jama'a da jihar ta kafa a 2019 tana ɗawainiya da yara da mata da masu buƙata ta musamman, amma hannu ɗaya ne a kan ƙananan hukumomi 23.

Daga Abuja ma akwai sawu. Shirin tallafin naira 5,000 a wata ga gidaje mafi talauci ya sami ƙarfi da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Ya sayi hatsi a gidaje da dama, amma bai kai kuɗin haya ba. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin ba shi rancen gida, wanda ke nufin mai tura baro da mai wankau ba sa ciki. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani 157, ta buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, da yawa daga cikinsu suka lalace don ba a tanadi kuɗin tafiyar da su ba. A 2023 aka sa hannu kan dokar kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Kowane ɗaya yana da amfaninsa. Amma idan aka tara su duka, ba su bayyana inda dubban mutane suka kwana daren jiya a Tudun Jukun ko Gyallesu ba.

Sawu na uku: fada

Wani zai ce a duba fada, domin da can sarki ne uban marayu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ganuwar da ake dangantawa da Sarauniya Amina, wadda ragowarta ke nan a kewayen Kufena da birni, ba gidaje kaɗai ta zagaye ba, har da filayen noma, domin idan yaƙi ya taso mutanen ƙauye su shigo su sami mafaka da abinci. Bayan jihadi, tun daga zamanin Sarkin Zazzau Malam Musa, zakkar hatsi tana cikin abin da hukuma ke tarawa. Makafi da kutare da guragu suna da sarakunansu, waɗanda ke karɓar baƙo irinsu su nema masa wurin zama, su kuma isar da kukansu ga sarki.

Wannan sawu ya yi ta sirancewa a hankali. Turawa sun kama Zazzau a 1902. Dokar haraji ta Gwamna Lugga ta 1906 ta haɗe haraje-harajen da suka tarar, har da zakkar hatsi, suka koma haraji guda. Baitulmalin En'e (hukumar gargajiya), wanda ya bazu a masarautun Arewa wajen 1911, ya riƙe kasonsa na haraji da jangali yana biyan hakimai da alƙalai da dogarai. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, a 1979 kuma Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a jihar Kaduna. Yau fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau tana sulhu, tana kira ga masu hali, hakimai da dagatai da masu unguwa sun san kowane lungu. Sanin yana nan, baitulmalin ne babu.

Sawu na huɗu: zakka

Saura zakka, kuma a garin malamai irin Zariya dole a tsaya a kanta. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci mutum iri takwas da ake ba wa, cikinsu akwai fakiri da miskini da wanda bashi ya yi wa katutu da matafiyin da guzurinsa ya yanke. Kusan duk wanda ba shi da makwanci yana cikin ɗaya daga waɗannan. Ana fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, ana fitar da ɗaya bisa goma na hatsin damina, ɗaya bisa ashirin na noman da aka shayar da wahala. Jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato sun kafa hukumomin zakka da waƙafi.

Sai dai zakka baƙuwar shekara ce, kwana kuwa na kullum ne. Damin gero da turmin atamfa suna rage raɗaɗi, amma ba su zama ɗaki ba. Duk da haka, wannan sawun ne ya ba da haske. Yawancin zakkar da Zage-zagi ke fitarwa ba ta bi ta wani ofis. Daga hannun mai ita take zuwa hannun maƙwabci, ko ɗan'uwa, ko malami. Idan babbar ibada irin wannan tana tafiya ba tare da rasit ba, me zai hana makwanci ma haka yake tafiya? Ashe kuskuren yana wajen nema. Ana ta binciken littattafan kasafi, alhali abin da ya kamata shi ne a je inda mutanen suke kwana a tambayi mai rufin.

Inda sawun ya tsaya

A ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Almajirin da aka kawo daga ƙauyen Katsina ko Jigawa yana kwana a zauren malaminsa, ko a zauren maƙwabcin da ya ba malam aro. Abincinsa yana gidan uwar ɗakinsa, wadda yake ɗebo wa ruwa ya yi mata shara da aike. Da magariba zai tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama ya ce, "Iya, ga ni," ita kuma ta ce, "Malam ƙarami, kawo kwanonka." Ɗan ci-rani yana kwana a shagon ɗan garinsu da ya riga shi zuwa, ko ya kama gadi a bakin makwanci. Matar da aurenta ya mutu tana komawa gidan ubanta, idan ya rasu ta koma gidan wanta, da yara a bayanta. Maraya yana shiga riƙon gwaggo ko kawu. Wanda 'yan bindiga suka tasa yana sauka wurin dangi, in babu dangi ya je gaban mai unguwa ya durƙusa: "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne, an ƙone mana gari." Mai unguwa ya nemo mai kangon da bai ƙarasa gininsa ba, a roƙe shi aro. Ƙididdigar Hukumar Ƙaura ta Duniya ta sha nuna cewa mafi yawan 'yan gudun hijirar Arewa maso Yamma a cikin jama'a suke zaune, ba a sansani ba.

Ginin gidan Bazazzage ma shaida ne. Zaure yana tsakanin titi da cikin gida, baƙo namiji zai iya kwana a cikinsa ba tare da ya keta sirrin iyali ba. Filin da ke tsakar gida yana karɓar sabon ɗaki idan jama'a ta ƙaru. Masana irin su M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, da Mary Smith da ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo, sun nuna yadda riƙo da zumunci da barantaka ke ɗinke mutum cikin gidan da ba a nan aka haife shi ba.

Yanzu a yi lissafi. Ɗakin da aka ba bazawara, da an sa ɗan haya da ya kawo kuɗi duk shekara, maigida ya yafe wannan kuɗin. Zauren da almajirai ke kwana, da an mai da shi shago. Mudun masarar da aka ƙara a tukunya saboda baki biyar da suka ƙaru, da itace, da ruwan 'yan garuwa, da sabulu, da maganin zazzaɓi, duk daga aljihu ɗaya suke fita. Kaso mai tsoka kuma daga ɗan abin hannun matan gida yake fitowa: ribar ƙuli-ƙuli da ƙosai, kuɗin ɗinkin hannu na babbar riga da hula wanda matan birnin Zariya suka shahara da shi, da kwasar adashi.

Amsar ke nan. Mai biyan kuɗin kwanan Zariya shi ne magidancin Zariya da matar gidansa, kuma galibinsu su ma talakawa ne. Su ne babbar ma'aikatar samar da matsuguni a garin, ba su da kasafi, ba su da ofis, babu wanda ya taɓa mayar musu da kwabo.

Kada a ɗauka wannan tsari ya wadatar. Yara da yawa a cunkushe a zaure ɗaya, ga ƙazuwa, ga sanyin hunturu, babu makewayi, ba za a kira wannan muhalli ba. Bazawarar da ke raɓe a ɗakin tsohuwa tana haɗiye baƙar magana don ba ta da wurin zuwa. Zumunci ya hana su kwanan titi, amma ya kuma ɓoye su daga idon hukuma. Wanda ba a gani, ba a sa shi a kasafi.

Saura ƙulli ɗaya

Idan haka ne, su wane ne ake gani kwance a ƙarƙashin gadar Kwangila, da tasoshin mota, da barandar shaguna a Sabon Gari? Su ne alamar cewa mai biyan ya fara gazawa, kuma dalilan a bayyane suke.

Na farko tsadar rayuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Gidan da ake dafawa sau uku ya koma sau ɗaya, ragowar da almajiri ke samu ta ƙare. Na biyu darajar ƙasa. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejoji da barikoki, kowane ɗaki kuɗi ne. Idan maigida ya rasu aka raba gado, babban gida yakan tsage gida-gida, ko a sayar, zaure ya koma shago mai ƙofar ƙarfe. Na uku tsoro. Tun zamanin bama-bamai, sannan satar mutane ta iso har gefen gari, jama'a suka fara ɗari-ɗari da baƙon da ba su san asalinsa ba, masallatai da yawa ana kulle su bayan isha'i. Na huɗu rusau. Lokacin da hukumar tsara birane ta jiha ta rushe gidaje a filayen makarantu a 2015, da unguwar Graceland a 2021, ko ma wane ne ke da gaskiya a rikicin filin, iyalan da suka fito gidajen dangi suka nufa, nauyin ya sake komawa kan mai ɗauka na asali. Sannan akwai masu taɓin hankali da matasan da ƙwaya ta kama, waɗanda gida ba ya iya riƙewa ko da yana so.

Abin da amsar ke wajabtawa

Ƙasar Finlan ta ɗauki manufa a 2008 ta fara ba mutum gida kafin a nemi ya gyara sauran al'amuransa. Marasa matsuguni a can sun ragu daga kimanin 18,000 a 1987 zuwa ƙasa da 4,000 a 2023. Zariya ba ta da kuɗin Finlan, amma tana da abin da Finlan ta sha wahalar ginawa: dubban ƙofofin da suka riga suka buɗe. Mafi arha, kuma mafi adalci, shi ne a hana su rufewa.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Masu unguwa da limamai su rubuta gidajen da ke riƙe da 'yan gudun hijira da marayu da almajirai, ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su ware layi mai suna a kasafinsu, wanda kowa zai iya karantawa, domin tallafa wa waɗannan gidaje da hatsi, da kwanon rufi kafin damina, da makewayi da rijiya a makarantun allo. Masu hali su farfaɗo da waƙafi. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa mutanen Madina misali ce da kowane ɗalibi ya sani, kuma jerin shaguna da aka tsayar da hayarsu domin biyan ɗakin gwauruwa da marayunta zai yi aiki shekara bayan shekara, abin da rabon azumi ba ya yi. A gina ƙaramin masauki kusa da tasha domin waɗanda ba su da kowa, a haɗa shi da asibiti saboda masu taɓin hankali. Kada kuma a sake kai katafila unguwa sai an tanadi inda za a kai mazaunanta. Iyaye ma da sauran aiki a gabansu: wanda ya kawo ɗansa karatu Zariya ya biyo shi da guzuri, kada ya jingina shi ga tukunyar matar da ita ma ba ta ƙoshi ba.

Tsarin mulki ya riga ya faɗi wanda nauyin ke kansa, Kotun Ƙoli ta faɗi inda kuɗin zai sauka. Talakan Zariya ya daɗe yana biya a madadin hukuma, cikin yardar rai da neman lada, kuma ƙarfinsa yana ƙarewa. Haƙƙinsa ne ya tari kansilansa da shugaban ƙaramar hukumarsa ya tambaye su nawa aka ware wa marasa makwanci a kasafin bana, kuma haƙƙi ne a kansu su ba shi amsa da lamba.